Ƙwayar Wake a Kan Dutse

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a cikin danginmu, wai Rifkatu ce ta raba ni da yayana Hamma Bakari. Na ji ta a wurin suna, na ji ta a wurin ta'aziyya, har wata rana na ji ta daga bakin ɗayanku. Ba zan kama suna ba, mai ita ya san kansa. To ga ni da raina da hankalina ina rubuta muku, ku 'ya'yana da jikokina: ba ita ba ce. Ni ne, da bakina, a kan tabarmar barandar gidanmu na Yelwa, ranar wata Juma'a da yamma. Abin da ya jawo maganar kuwa ƙwayar wake ce guda ɗaya.

A shekarar da Sa'idu ya rasu abin ya faru. Manyanku sun san shi, ƙananan kuwa sai a hoto. Shi ne ɗana na biyu, shi ne kuma ya auro Rifkatu, 'yar Mumuye daga wajen Zing, ma'aikaciyar jinya, Kirista. Dangi sun yi ta surutu a kan auren. Ni ban hana ba, amma gaskiya ban tsaya musu ba, na yi shiru ne kawai na bar yaron yana fama shi kaɗai, kuma wannan shirun yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu har yau. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Dija, tana da shekara tara lokacin da ciwo na 'yan kwanaki ya ɗauke ubanta. Ana gama zaman makoki Hamma Bakari ya ce a ɗauko yarinya a kawo ta gidan ubanta, haka aka saba. Na ce ba zan raba 'ya da uwarta ba. Aka tsaya a kan cewa duk Juma'a bayan la'asar Rifkatu za ta kawo ta daga Mayo Gwoi, su ci abincin dare tare da mu, su koma. Tana kawo ta kuwa, ba fashi. Sai dai ita ba ta hawa tabarma. Kujerar roba take ja kusa da ƙofa, ta zauna da jakarta a cinya kamar mai jiran layi a asibiti. Ana haka sai na ji a bakin mutane cewa tana neman a mayar da ita aiki Zing, kusa da mahaifiyarta. Zing ba bangon duniya ba ne, amma na san yadda irin wannan take ƙarewa. Da farko duk wata, daga nan sai Sallah zuwa Sallah, daga nan sai ka ji an ce jikarka ta yi aure. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don Dija ce kaɗai abin da Sa'idu ya bar mini.

Gidanmu dama gidan wasa ne ranar Juma'a. Ana buga ludo, ana dara, ana kati. Uwarku Dudu ta fi kowa son ludo, ta kuma fi kowa maguɗi, tana tura ɗanta gida biyu da gefen hannu tana salati don kada a lura. Na rubuta wannan ne da saninta, ta ce in rubuta, ai ba wanda ya taɓa kama ta. To cikin kayan Sa'idu da aka kawo mini akwai wani akwatin kwali da ya sayo lokacin da ya je kwas ƙasar waje. Wasan yaƙi ne na Turawa. A ciki akwai taswirar wata ƙasa an yanka ta gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, da ƙananan katuna masu hoton sojoji, da dayis biyu, da littafin dokoki mai kauri. Dija na ganinsa ta dafa shi da hannu biyu.

"Kaka, Abba ya ce in na kai shekara goma zai koya mini."

"To ai ga ni, amarya. Ni zan koya miki."

"Kai? Ka iya?"

"Ke dai ki zo Juma'a ki ga ikon Allah."

Ban iya ba. Sati biyu na yi da tabarau ina fama da littafin nan. Dokokin na gane su daga baya, amma sunayen garuruwan sun ƙi zama a bakina, kuma ban ga abin da zai sa yarinyar Jalingo ta damu da wanda ya ci wani a ƙasar da ƙanƙara ke zuba ba. Sai girman kan ma'aikacin safiyo ya motsa mini. Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan sarƙa da ɗaukar awo, daga bakin kogi a Lau har cikin duwatsun gabas, babu tudun da ban san tsayinsa ba. Na samo falankin katako, na shafe shi da farin fenti, na zana ƙasarmu da hannuna. Binuwai da shuɗi, rafuka da siririn layi, duwatsu da ruwan ƙasa, kowanne a inda Allah ya ajiye shi, sannan na bi na yanka gidaje masu kusurwa shida a kai. Marafan kwalbar lemo jajaye su ne mahaya, mutanen fili. Tsakuwoyin da na tsinto a rafi su ne mutanen dutse. Mahayi yana tafiya gida uku, mai ƙafa gida ɗaya. A kowane ƙauye na kan dutse na zuba 'yan ƙwayoyin wake. In mahayi ya shiga ƙauye, dayis ya ba shi huɗu ko fiye, sai ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jefa a gwangwanin madara. Mahayan kuma kowa da rundunarsa, suna takara da juna, wanda wakensa ya fi yawa shi ya ci. Labaran yaƙin kakanninmu da mutanen dutse kuwa daga bakin Hamma Bakari na samo su, shi ne ya zauna da kakanmu ya haddace waye ya hau, ta ina aka bi, ina aka kwana. Waken nan na sa masa suna ganima. Ba zan ce ban san ko mene ne ba. Na sani, irin sanin da mutum yake yi wa abu ba tare da ya taɓa juyowa ya dube shi ba.

Wasan ya karɓu fiye da yadda na zata. Dija tana sauka daga keke mai ƙafa uku take tambayar allo tun kafin ta gaishe ni, sai uwarta ta harare ta ta dawo ta durƙusa. Cikin sati huɗu ta gane abin da wasu manyan ba su gane ba: kada ka raba rundunarka a bakin rafi, kada ka bi wanda ya gudu ka bar bayanka a buɗe. Ranar da ta zagaye marafan Hamma Bakari ta rufe masa hanyar komawa, tsohon nan ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce jinin kakanninta ne ya motsa. Kullum jajaye take ɗauka. Tsakuwa kuwa Dudu ake ba, don ita ba ta damu ba, ta san ba a ci da su, hankalinta ma yana kan tukunya. Ni kuma ina ta murna a raina, ina cewa ga igiyar da za ta riƙe mini yarinya.

Sai wata Juma'a Dija ta ci wasa da rata mai yawa. Ta ɗauki gwangwaninta tana kaɗawa, ta ruga wurin uwarta a bakin ƙofa.

"Mama, duba, goma sha ɗaya!"

"Menene shi?"

"Ganima."

"Ganima na me?"

Dija ta juyo ta dube ni. Ni kuma na tsaya gyara tabarau. Hamma Bakari ne ya amsa, ba da wata mugunta ba, kamar wanda aka tambaya ƙarfe nawa.

"Mutane ne mana. Waɗanda aka kamo."

Rifkatu ta ajiye jakarta, ta taso, ta tsaya a kan allon. Ranar ce ta fara dubansa da kyau. Ta bi kogin da ido, ta bi hanya, sannan ta ɗora yatsa a kan wani dutse can gefen gabas.

"Baba, wannan dutse wanne ne?"

Na faɗa mata sunansa. Da ma na yi zanen a karkace, amma ina, aikin ya fita daidai.

"Nan ne garin mamana," in ji ta.

Ta karɓi gwangwanin daga hannun Dija ta ajiye a hankali, ta yi mana sallama da ladabi, suka tafi ba su ci abinci ba. Juma'a ta zagayo ba su zo ba. Wata ta sake zagayowa, Dudu ta dafa tuwon da Dija take so da miyar kuka, ya huce a kwano. Da na ce ko a buga musu waya, sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Waya? Ka sa 'yar mutane tana ƙirga kakanninta a gwangwani a gaban uwarta, sannan ka ce waya? Tashi ka je da ƙafarka."

Ku da kuka san al'adarmu kun san ba ƙaramin abu ba ne suruki ya taka zuwa ɗakin matar ɗansa. Na je. Na ɗora allon a keke, na riƙe shi a tsaye har Mayo Gwoi, mutane suna kallona kamar mai tallan allon makaranta. Niyyata in fasa shi a gabanta. Na tarar Dija tana makaranta. Rifkatu ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta zauna a ƙasa. A kan teburinta na hango takardar canjin wurin aiki, an danne ta da kofi. Na ce na zo ba da haƙuri, na kuma zo in fasa abin nan ta gani da idonta. Sannan ta ba ni labarin kakarta, wadda ta ji daga tata uwar: 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, suka sauka gonar doya da safe, ɗaya ce ta dawo. Har tsohuwar ta mutu, duk shekara in an ci sabuwar doya sai ta kira sunan wadda ba ta dawo ba. Na kasa ɗaga kai.

"Kar ka fasa shi, Baba," in ji ta. "Dija yana son wasan, kuma abin babansa ne. In ka fasa zai ce ni na sa. Kuma ai abin ya faru. Ko ka fasa katako, ya faru."

"To me kike so in yi, 'yata?"

"Ni zan riƙe dutse. Dada Dudu ba ya buga shi da zuciya. Kuma doki ba ya hawa wurin mu yadda ka sa, ka tambayi kowa. Da damina ma ƙudan tsando yana kashe shi. Ka gyara wannan."

"Zan gyara. Waken kuma zan cire."

"A'a, bar shi. Amma wanda ya ɗauka, ya faɗa mana waye. Sunansa, da abin da yake yi da safen."

Na nuna takardar da haɓa, na tambaye ta ko ta sa hannu. Ta ce tana da zuwa ƙarshen wata. Ba ta ce za ta sa ba, ba ta ce ba za ta sa ba, ni ma ban matsa ba. Na sake ɗora allona a keke na dawo da shi.

Juma'ar da ta biyo suka zo. Rifkatu ta wuce kujerar roba, ta cire takalmi, ta hau tabarma ta zauna a bayan tsakuwoyi. Dudu ta dube ni, na dube ta, kowa ya yi kamar bai gani ba. Na bayyana sababbin dokoki. Hamma Bakari ya ce wannan kuma wane irin yaƙi ne da sai an yi wa ganima suna, amma ya zauna, don yana son wasan. Mu uku muka riƙe jajaye, ni da shi da Dija. Wallahi ranar muka san akwai mutane a kan dutsen nan. Rifkatu ta janye tsakuwoyinta sama, ta bar mana ƙauyukan gindi, ta jira damina ta shigo a zagaye na biyar, dawakan Hamma suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya yana ta salati. Dija ce ta fara samun wake. Ta ɗaga shi tana dariya ta ce sunanta Ladi, tana ɗebo ruwa. Na biyu ta ɗan yi jim kafin ta ce wani yaro ne, yana kiwon awaki, kuma awakin sun watse. Daga nan na lura ta fara kewaye ƙauyuka da marafanta, tana neman tsakuwa ta yi faɗa da su a fili. Ba wanda ya ce mata ta yi haka.

Sai layi ya zo kaina. Na shiga wani ƙauye, na jefa dayis, ya ba ni biyar. Na ɗauki ƙwaya. Kowa ya zuba mini ido. Da na ga dama da na ƙirƙiro wata Talatu mai tsinkar ganye, a wuce wurin. Amma ina riƙe da waken nan sai fuskar Inna Kumbo ta zo mini, kakarmu, wadda ta haifi mahaifinmu. Tana da wasu tsage a ciki da kafaɗa waɗanda ba irin namu ba, Fulatancinta bai taɓa miƙewa ba har ta tsufa, in tana daka kuma takan yi wata waƙa ƙasa-ƙasa da yaren da ba mu sani ba. A gida an ce mana 'yar dangi ce daga wani ƙauye can bayan Lau, kuma ba a son tambaya. Ina ɗan shekara goma sha biyu, tana kwance ciwon da ba ta tashi ba, ina yi mata fifita, ta faɗa mini da bakinta. Na riƙe maganar fiye da shekara hamsin, ko Dudu ban faɗa wa ba.

"Wannan Inna Kumbo ce," na ce. "Kakata. Tana korar tsuntsaye a gonar dawa, ita da ƙaninta. Shi ya gudu."

Hamma Bakari ya juya harshe zuwa Fulatanci, abin da yake yi in magana ta kai magana.

"Usmanu, ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani, Hamma. Kai ma ka sani."

"A gaban yara? A gaban suruka?"

"Ai kakarsu ce."

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye marfin da ke hannunsa a kan allo, ya miƙe da ƙyar saboda gwiwarsa, ya sa takalmi, ya fita. Dudu ta bi shi har zaure tana ba shi haƙuri, bai tsaya ba.

Ina so ku fahimce shi, kada ku ɗauke shi mugu. Hamma mutum ne da ya aurar da 'ya'ya mata biyar a gidajen da ake tambayar asali kafin a tambayi hali, kuma duk rayuwarsa yana ganin rufe wannan maganar amana ce da mahaifinmu ya bar masa. Ni kuma na buɗe ta a kan tabarmar wasa, ban shawarce shi ba. Nan ne laifina, kuma na amsa shi. Ya kamata in same shi a ɗakinsa mu biyu tukuna. Amma faɗar da na yi, ban taɓa nadamarta ba. Bai sake zuwa wasan Juma'a ba. Muna gaisawa a masallaci, muna zama tare a ɗaurin aure, in ya yi ciwo ina zuwa, amma hirar nan tamu ta tsofaffi, wadda za mu yi ta musu a kan wace hanya kakanmu ya bi, ta mutu a ranar. Shekara huɗu bayan haka ya rasu, ni na tsaya a kan wankansa. Har yau in na shimfiɗa allon sai na dubi gefen da yake zama. Ina kewarsa ƙwarai, kuma wannan shi ne abin da na biya.

Bari in koma kan tabarma, don ranar ba ta ƙare da fitarsa ba. Ina zaune da waken a tafin hannuna, ban jefa shi a gwangwani ba, ban kuma san inda zan kai shi ba. Dija ta matso ta dafa gwiwata.

"Kaka, Kumbo ne sunanta tun can?"

"A'a, amarya. A nan aka sa mata."

"To na can fa?"

"Ban sani ba. Ban tambaya ba."

"Daga wane dutse aka ɗauko ta?"

Na dubi allon. Duwatsu ashirin da wani abu, kowanne na hau shi, na kafa ƙarfen awo a kansa, na rubuta tsayinsa a littafin gwamnati. Na ce mata wannan ma ban sani ba. Sai ta ɗauke waken daga hannuna, ta riƙe shi a saman taswira tana kai shi nan tana kai shi can, tana neman inda za ta mayar da shi, idonta ya ciko. Rifkatu ta miƙo hannu ta kama nata, ta ja shi a hankali zuwa gabas, zuwa dutsen nan da ta nuna mini ranar farko.

"Sa shi nan," in ji ta. "Mu mun karɓe shi."

Aka kira magariba. Da muka idar, na tarar Rifkatu a kicin tana taya Dudu kwashe tuwo, suna musu a kan gishiri. Suka ci abinci tare da mu. Da za su hau keke ta juyo ta ce Juma'a mai zuwa in shirya da kyau, don ba za ta sake bar mini ko ƙauyen gindi ba. Takardar nan ban sake jin labarinta ba, ni ma ban tambaya ba. A Jalingo Dija ta gama sakandare, kuma duk wanda ya taɓa zama da ita a kan allon nan ya san ba a cin ta, ko jajaye ta riƙe ko tsakuwa.

Washegari na samo gam na manne waken a inda suka ajiye shi. Allon yana bayan kabad a ɗakina, fentin ya fara tashi a wajen kogi. Wanda ya gaje shi a cikinku ya sake masa fenti in yana so, ya canza dokoki in ya ga dama. Amma ƙwayar waken da ke kan dutsen gabas kakarku ce, kada wanda ya ɓamɓare ta.